Tambaya da Amsa: Me Ke Karya Ƙusoshin Injin Rota a Jiragen Sama Haɗin Gida?

Wasiƙu huɗu daga cikin waɗanda suka iso wannan fili sun haɗu a kan batu ɗaya, wato karyewar ƙusoshi masu zare, waɗanda makanikai ke kira bol, a injin rota da ake ɗora wa ƙananan jiragen sama haɗin gida. Na taƙaita wasiƙun, na kuma jera su yadda amsar wata za ta share wa ta gaba hanya. Duk inda na ce ƙusa, mai zaren nake nufi.

Tambaya ta farko: Assalamu alaikum, Malam. Ni da abokina mun haɗa jirgi mai kujera biyu, muka sa masa injin Mazda 13B da muka ciro daga motar RX-7, bayan mun kwance shi mun sake haɗawa da hannunmu. Jirgin ya yi awa 62 a sama lafiya lau. Ran nan muna sauka sai na ga ruwan sanyaya inji yana ɗiga ta baya. Da na duba sai na tarar ɗaya daga cikin dogayen ƙusoshin da suka ɗaure jikin injin ta saki, har na zaro ta da yatsu biyu, ashe ta karye daga can wajen zare. Abokina ya ce mu sa sabuwa mu ci gaba da tashi, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Gaskiya tana wajenka, kuma jirgin nan ya zauna a ƙasa har sai kun san abin da ya karya ƙusar. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wanda ya sa sabuwa bai binciki dalili ba ya bar jaki yana dukan taiki.

Domin sauran masu karatu su bi mu, bari in fara da yadda injin yake. Injin rota ba shi da fistan mai hawa da sauka. Abin da ke cikinsa ƙarfe ne mai kusurwa uku, shi ake kira rota, yana kewayawa cikin wani gida mai kama da lamba 8 da aka cika mata ƙugu. Bajamushe Felix Wankel ne ya ƙirƙiro shi, samfurin farko ya yi aiki a kamfanin motoci na NSU a Jamus a 1957, Mazda ta Japan ta sayi lasisinsa a 1961, ta kuma fitar da motar Cosmo Sport da shi a 1967. Samfurin 13B, mai rota biyu da cc 1,308, shi ne masu haɗa jirgi suka fi ɗauka, saboda ƙarami ne, yana da ƙarfi, kuma ba shi da bawul da zai ƙone ko sandar fistan da za ta tsinke. Sai dai jikinsa ba dunƙule ɗaya ba ne. Yanka biyar ne aka jera: farantin ƙarfen zubi a gaba, gidan rota na alminiyam, farantin tsakiya, wani gidan rota, sannan farantin baya. Abin da ya riƙe su wuri ɗaya shi ne dogayen ƙusoshin nan, waɗanda suka haura goma sha biyar, suna shiga ta baya, su ratsa dukan yankan, su kama zare a farantin gaba. Da yawansu ta cikin hanyar ruwa suke bi, shi ya sa kowace take da wosha mai roba a ƙarƙashin kanta, shi ya sa kuma ɗigar ruwa ce ta tona muku asirin karayar. Idan ɗaya ta tafi, matsin da ke wajen ya ragu, maƙwabtanta su ɗauki kayan da ba nasu ba, guntun da ya saki kuma yana iya zamowa baya ya taɓa faifan ƙarfen da ke juyawa a bayan inji. A mota sai a tsaya gefen titi, a sama kuwa babu gefe.

Aikinka na farko shi ne kare shaida. Kada ka haɗa guntayen biyu don ka ga ko za su dace, domin gugar da za su yi wa juna tana shafe ƙananan alamun da ake nema. Na taɓa yin wannan kuskure ina sabon shiga, na kuma ƙara da goge fuskar karayar da burushin waya don ta yi kyau a hoto, mai gwajin ƙarafan da na kai wa ya juya ta sau biyu a hannunsa ya mayar mini, ya ce ai na riga na share wasiƙar. Ka naɗe kowane guntu daban a takarda mai tsabta, ka ajiye inda babu danshi, ka rubuta lambar ramin da ƙusar ta fito bisa tsarin lambobin da ke littafin kamfanin. Guntun da ya maƙale a farantin gaba kada a huda shi ta fuskar karaya, a jira sai an kwance injin. Kafin ku kwance sauran ƙusoshin kuma, ku ja layi da alƙalamin fenti daga kan kowace zuwa jikin faranti, ku sassauta ta kaɗan, ku mayar da ita kan layin da sifana mai awo, ku rubuta adadin da ta nuna. Wannan jadawali kaɗai yana iya nuna muku ko ɗaurin ya saki ne ko'ina, ko kuwa a gefe ɗaya, misali gefen fulogi inda zafin ƙonewa ya fi yawa.

Daga nan sai karatun fuskar. Ka sa ta ƙarƙashin fitila, hasken ya zo mata daga gefe, ka duba da madubin ƙara girma. Ƙusar da aka ɗaure fiye da kima har ta tsinke tana nuna kanta: wuyanta ya sirance kusa da karayar, zaren ya buɗe kamar an ja shi, fuskar ta yi toka-toka da kaushi, ko kuma ta yi santsi mai alamar murɗa idan juyin sifana ne ya yanke ta. Irin wannan a wajen haɗawa take karyewa, ba ta kai awa 62. Abin da na fi tsammanin za ka gani shi ne abin da injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe. Wani ɓangare na fuskar zai kasance shimfiɗaɗɗe mai laushi, sau da yawa ya ɗan yi duhu saboda ruwa ya daɗe yana shiga tsagar, da layuka masu lanƙwasa kamar sawun da ruwa ke bari a kan yashi idan yana janyewa. Bi layukan nan baya, za su kai ka ɗigo guda a gindin zare, nan tsagar ta soma. Sauran fuskar kuma sabo ne fil mai kaushi, shi ne abin da ya rage ya ɓalle a lokaci ɗaya da ya kasa ɗaukar kaya. Girman ɓangarorin biyu magana yake yi. Idan mai laushin ya cinye kusan dukan fuskar, kayan da ke kan ƙusar ba su da yawa, yawan maimaituwa ne ya ci ta. Idan ƙarami ne, to tana ɗauke da kaya mai nauyi tun asali. Sannan ka ƙirga mafarin tsaga. Idan ka ga biyu suna fuskantar juna, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan, da siririn tsiri mai kaushi a tsakiya, ƙusar lanƙwasa take yi gaba da baya, kuma amsar tambaya ta biyu ta shafe ka kai tsaye.

Inda taku ta karye ba abin mamaki ba ne. Littattafan ƙirar injuna sun daɗe suna nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na ƙusoshin da gajiya ke karyawa a zaren farko da ya kama suke karyewa, saura kuma a inda zare ya ƙare ko a ƙarƙashin kai. Dalili shi ne zaren farko kaɗai yana ɗaukar wajen sulusin dukan kayan, kuma gindinsa kwari ne mai kaifi inda ƙarfi ke taruwa.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne, sassauci ya fi yawan ɗauri karya ƙusa. Ƙusar da aka ɗaure daidai a miƙe take kamar sifirin, ta matse yankan da ƙarfin da ya fi bugun ƙonewar mai, don haka duk bugun da ya zo, jikin injin ne ke shanye mafi yawansa, ita kuwa kaɗan take ji. Da zarar matsin ya ragu har yankan suka soma numfashi, kowane bugu a kanta yake sauka gaba ɗaya. Saboda haka tambayar da za ku yi wa kanku ita ce, ina matsin ya tafi? Sifana mai awo ba matsi take aunawa ba, ƙarfin juyi take aunawa, kuma wajen kashi 90 cikin ɗari na wannan ƙarfi a gugar zare da gugar ƙarƙashin kai yake ƙarewa. Idan littafin ya ce a shafa wa zare mai, ku kuma kuka ɗaure a bushe, sifanar za ta yi ƙara a kan adadin da kuke so alhali ƙusar ba ta miƙe yadda ya kamata ba. Haka nan idan tsohon gam ko tsatsa ko ruwa ya taru a ƙasan ramin, ƙusar za ta tokare kafin ta matse komai. Ku tuna kuma ko kun bi tsarin ɗaurewa, zagaye bayan zagaye, ana ƙara adadi sannu a hankali.

Zafi ma yana da hannu. Alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe ke buɗewa, kuma gidajen rota biyu, kowane milimita 80, sun ba da milimita 160 na alminiyam a cikin abin da ƙusar ta rungume. Idan zafi ya ƙaru da digiri 70, bambancin ya ɗan haura kashi ɗaya bisa goma na milimita. An tsara ƙusoshin su jure wannan, tsawonsu ma taimako ne. Amma idan injin ya taɓa tafasa, abin da ke yawan faruwa a tashin farko-farko kafin mai haɗi ya gano yadda iska za ta ratsa lagireto, alminiyam ɗin yana iya matsewa ya ƙi komawa, idan ya huce sai ɗaurin ya yi sako-sako. Littafin Mazda ya tanadi awon faɗin gidan rota a wurare da dama, kuma bambancin da ya yarda da shi bai kai kashi ɗaya bisa goma na milimita ba. Ku auna. Ku kuma duba jikin ƙusar ko akwai ƙananan ramukan tsatsa, musamman idan tsohuwar motar ta daɗe da ruwa zalla babu maganin tsatsa, domin ramin da bai fi kan allura ba ya isa tsaga ta samu wurin farawa.

Ko me kuka gano, ku sauya dukan ƙusoshin da woshoshinsu, tunda tare suka sha wahalar, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Idan fuskar ta ƙi karantuwa, ku kai ta ɗakin gwajin ƙarafa inda ake da madubi mai aiki da lantarki, su auna muku taurinta kuma.

Tambaya ta biyu: Malam, ni ɗalibar injiniya ce. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, injin nan yana shekaru a mota ƙusoshinsa ba su karye ba, amma a jirgi sai a ji sun karye cikin 'yan awoyi. Ai ƙarfen bai sauya ba.

Amsa: Ƙarfen bai sauya ba, 'yar'uwa, aikin ne ya sauya. Mota a kan hanya ɗan kaɗan take ci daga ƙarfin injinta, kuma juyin ba ya zama wuri ɗaya: a taka, a saki, a sauya giya, a tsaya. Jirgi kuwa yana tashi da dukan ƙarfinsa, sannan ya zauna a kan kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari awa biyu ko uku, allurar juyi ko motsi ba ta yi. Ki ɗauki alƙalami mu lissafa. Kowace rota tana ba da bugu ɗaya a kowane juyin sandar tsakiya, don haka inji mai rota biyu a juyi 6,000 a minti yana bugu 200 a sakan, wato 720,000 a awa. Tun gwaje-gwajen da August Wöhler ya yi a kan sandunan ƙafafun jirgin ƙasa a Jamus, a tsakiyar ƙarni na 19, aka san cewa baƙin ƙarfe yana karyewa da kayan da ba su kai na tsinke shi ba idan aka maimaita su sau miliyoyi, kuma a miliyan goma ake yawan tsayar da irin wannan gwaji. Injin jirgin nan yana cika miliyan goma kafin awa 14.

Wannan kaɗai bai isa ba, domin ƙusar da aka ɗaure daidai tana iya jure bugun har injin ya tsufa. Abin da ke shigowa shi ne amsa-amo. Ƙusar doguwa ce, siririya, an kama ta a kai da gindi, tsakiyarta a sake cikin rami, wato dai tsirkiya ce. Kowace tsirkiya tana da adadin kaɗawar da take so. Idan kika lissafa wa sandar baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 9 ko 10 da tsawon santimita 25, wadda aka ɗaure a kai biyu, za ki samu tsakanin 600 da 800 a sakan. Bugun inji kuma ba sumul yake zuwa ba, kaifi gare shi, don haka yana tafe da ninkinsa: 400, 600, 800. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗa kan adadin da ƙusar ke so, sai ta shiga rawa, kowane bugu yana ƙara wa na baya, kuma lanƙwasar tana taruwa a wurare biyun da aka kama ta, zaren farko da ƙarƙashin kai. Mota tana ratsa wannan juyi cikin ƙiftawar ido ta wuce. Matuƙin jirgi kuwa yana iya zaɓar daidai wannan juyi ya zama na tafiyarsa, saboda a nan man ya fi auki, bai san abin da ke gudana cikin hanyar ruwa ba. Masu tseren mota, waɗanda su ma suke daɗewa a babban juyi, sun riga masu jirgi sanin wannan ciwo.

Shaidarsa guda biyu ce. Akwai mafarin tsaga biyu masu fuskantar juna da na ambata, akwai kuma tabo mai ƙyalli a tsakiyar jikin ƙusa inda ta riƙa dukan bangon rami. Maganin da masu haɗa injin suka daɗe suna yi mai sauƙi ne har mutum ya raina shi: ana zagaya siririn layin gam ɗin silikon a tsakiyar ƙusar, kamar macijin da ya naɗe sanda, ko a sa mata 'yar rigar roba mai jure zafi, ta yadda za ta taɓa bangon ramin ta kashe rawar, kamar yadda yatsa ke kashe amon tsirkiya. Sharaɗin shi ne kada gam ɗin ya yi yawa har ya ɓalle ya toshe hanyar ruwa, kada kuma ya taɓa zare ko ƙarƙashin kai. Gam a tsakanin fuskokin da ake matsewa guba ne, domin yana zamewa sannu a hankali ya tafi da ɗaurin, kuma an sha samun injinan jirgi masu fistan da suka lalace ta wannan hanya. Wanda yake da na'urar auna jijjiga ya manna ta a jikin injin, ya bi juyi daki-daki ya ga inda amon ya yi tsalle, ya kuma daidaita nauyin farfela tana juyawa. Wani lokaci matsar da juyin tafiya da ɗari biyu kacal ya isa a fita daga wurin rawar.

Tambaya ta uku: Ranka ya daɗe, me zai hana a huta da wannan dogon bincike a sayi ƙusoshi masu lamba 12.9, tunda su ne mafi ƙarfi?

Amsa: Allah ya ja zamaninka, tsugune ba ta ƙare ba. Lambar tana nufin ƙusar tana jure jan megafaskal 1,200 (ma'aunin ƙarfin da ƙarfe ke ɗauka ke nan) kafin ta tsinke, ta kuma soma miƙewar da ba ta komawa a kashi 90 cikin ɗari na wannan. Mai 8.8 tana jure 800. To amma dukansu baƙin ƙarfe ne, yadda suke lanƙwasa da yadda suke kaɗawa ɗaya ne, don haka idan amsa-amo ne ciwon, sabuwar za ta yi rawa a daidai inda tsohuwar ta yi. Idan sassauci ne, ƙarin ƙarfinta ba shi da amfani sai an ƙara ɗauri, ƙarin ɗaurin kuma zaren ƙarfen zubi da gidan alminiyam ne za su biya kuɗinsa.

Sannan tauri yana zuwa da cutarsa. Ƙarfe mai tsananin tauri ba ya yafe ƙaramin tabo, kuma idan aka yi masa rufin zinki ko kadmiyam da lantarki, iskar haidirojin tana shiga jikinsa. Ƙa'ida ita ce a gasa shi a wajen digiri 200 na awoyi jim kaɗan bayan rufin don iskar ta fita. Idan ba a yi ba, ƙusar za ta ɗauru lafiya, bayan kwanaki ko makonni ta ɓalle ba tare da ta sirance ba, fuskar tana ƙyalli ƙwaya-ƙwaya kamar gishiri. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: a 2002 hukumar FAA mai kula da jiragen sama a Amurka ta ba da umarnin gaggawa a sauya wata ƙusa mai rufin zinki da ke riƙe giyar ƙaranshaf a wasu injinan jirgi masu fistan samfurin Lycoming 540, bayan ta karye a sama. Ga kuma batun asali. Lambar da aka buga a kan ƙusa ba ta rantsuwa. A Satumban 1989 jirgin fasinja na kamfanin Partnair ya faɗa teku kusa da Danmak, mutum 55 suka rasu, bincike ya gano jabun ƙusoshi a abin da ke riƙe jelarsa, kuma yawan jabu a kasuwa ne ya sa Amurka ta kafa dokar ingancin ƙusoshi a 1990. Ka tambayi kuma ko zaren murza shi aka yi ko yanka shi, domin murzajje ya fi jure gajiya nesa ba kusa ba. Masu tsere da ke tura iska mai yawa cikin inji da tarbo suna faɗaɗa ramuka su sa sanduna masu kauri don hana yankan zamewa, amma wannan maganin wani ciwo ne dabam, kuma injin jirgi mai ƙarfin doki 160 zuwa 200 bai cika buƙatarsa ba. Ni dai a ganina sababbin ƙusoshin kamfanin da ya ƙera injin, daga hannun da aka sani, sun fi.

Tambaya ta huɗu: Malam, nawa dogayen lafiyarsu lau. Ƙusoshin da suka riƙe farantin giyar rage juyi ne ke damuna. Na ɗaure kawunansu da wayar tsaro, amma duk da haka ina ganin baƙar ƙura kewaye da su, ɗaya ma ta karye a ƙarƙashin kai.

Amsa: Baƙar ƙurar nan, ɗan'uwa, garin alminiyam ne. Tana fitowa idan fuskoki biyu da ya kamata su zauna daram suna goga juna kaɗan-kaɗan, kuma da baƙin ƙarfe ne ke gogar baƙin ƙarfe da ja-ja za ka gan ta. Ma'anarta farantin yana motsi. Wayar tsaro ba ta riƙe matsi, aikinta kawai ta hana ƙusa warwarewa ta faɗi, don haka za ka iya samun waya a ɗaure tam, ƙusar kuwa ta daɗe da sakin aikinta ba tare da ta juya ko kaɗan ba. Fenti mai kauri a ƙarƙashin kai yana narkewa ya zame, wosha mai laushi tana lotsawa, kan ƙusa yana nutsewa cikin alminiyam. Waɗannan gajeru ne, miƙewarsu ba ta taka kara ta karya ba, saboda haka nutsewar da ba ta kai kaurin takarda ba tana iya tafiya da rabin ɗaurin. Injiniya Gerhard Junker ya nuna tun 1969 cewa motsin gefe, irin wanda ke zamar da fuska a kan fuska, ya fi jijjigar tsaye saurin kwance ƙusa.

Abin da ke tura farantin kuwa sananne ne. Farfela ba ta son wuce juyi wajen 2,700 a minti, injin rota kuma sai ya kai 6,000 yake ba da ƙarfinsa, shi ya sa ake sa giya a tsakani, galibi mai rage juyi da 2.17 ko 2.85. Farfela nauyi ce mai son tafiya bai ɗaya, inji kuma bugu-bugu yake turawa, sai su biyun su riƙa murɗa abin da ke tsakaninsu gaba da baya. A wani juyi, sau da yawa ƙasa-ƙasa, wajen tayarwa da kashewa da zaman jira, murɗar tana ninka ƙarfin injin sau da dama, kuma ita ce ƙarar kwaram-kwaram da wasu ke ji daga giya suna cewa ai haka take. Ka duba robobin da ke shanye bugu tsakanin inji da giya ko sun taurare ko sun yage, ka duba faifan da ke ɗauke da su ko ya tsage daga ramukan ƙusa, da ruwan fenti mai shiga tsaga idan ido bai gani ba. Ka tabbata kuma sandar giya da ta inji suna kan layi ɗaya, kuma akwai fegi masu cika rami da ke ɗaukar turin gefe, domin ƙusa aikinta matsewa, kuma idan dole ta ɗauki turin gefe, sumul ɗin jikinta ne ya kamata ya faɗo a mahaɗar farantan, ba zaren ba.

Karaya a ƙarƙashin kai tana sa in tambayi abu ɗaya: shin kan ya zauna daidai a kan fuskar? Idan ramin ya karkace, ko bakinsa mai kaifi ya ciji lanƙwasar da ke tsakanin kai da jiki, ƙusar a lanƙwashe take tun ranar da aka ɗaure ta. Ka kankare fentin, ka daidaita mazaunin, ka sa wosha mai tauri wadda aka fafe bakin raminta ta ɓangaren kai. Ka auna kauri da tsawon kowace ƙusa da ma'auni, kada ka yarda da ido. A Yunin 1990 gilashin gaban wani jirgin British Airways ya fita a sama, ya kusa tafiya da matuƙin, saboda 84 daga cikin ƙusoshi 90 da aka sa masa sun gaza kaurin da ake buƙata da abin da bai kai milimita ɗaya ba.

A Amurka, inda irin waɗannan jirage suka fi yawa, jirgin haɗin gida mai injin mota yakan yi awa 40 na gwaji a keɓaɓɓen yanki kafin a yarda ya ɗauki fasinja, kuma babban sauyi a inji ko farfela yana mayar da shi gwaji na wasu awoyi. Ko dokar inda kake ba ta ce haka ba, ka ɗauki gyaran nan a matsayin babban sauyi. Bayan ka ɗaure, ka ja layin fenti daga kan kowace ƙusa zuwa faranti, ka tayar da injin a ƙasa ya yi zafi ya huce, ka cire waya ka sake aunawa da sifana, sannan ka maimaita bayan awa ɗaya a sama, da bayan awa biyar, da bayan awa 25, kana rubuta adadin kowace ƙusa da lambarta a littafin injin. Idan lamba ɗaya ce ke ta raguwa daga awo zuwa awo, ka kwance farantin ka duba abin da ke ƙarƙashinta kafin tashi na gaba.